Yumɓun Sallar Tsohuwar Hazara

Ban taɓa zama da mutumin da jininmu ya ƙi haɗuwa ba kamar tsohuwar da muka haɗa kicin da ita a unguwar Sparkhill. Ina faɗa tun yanzu don kada wani ya gyara zama ya zaci labarin aminci zan ba shi. Ba ta ƙaunata, ba na ƙaunarta, kuma kowace ta san matsayinta.

Karatu ne ya kawo ni Birmingham, a jami'ar da ke gefen Aston, cikin shekarun nan da gwamnatin Ingila ta ƙulle bakin jakarta. Duk inda ka juya ana rufe wani abu. Laburaren unguwarmu ya koma buɗewa jefi-jefi, wurin da mata ke kai yara wasa aka garƙame shi, shara tana kwana a bakin titi har ɓeraye su saba da mutane. Gidan da na samu haya mai shi ya yayyanka shi ɗaki-ɗaki. Ni ina sama, tsohuwar tana ƙasa, sauran ɗakunan na wasu maza ne masu aikin sito, waɗanda ban cika ganin komai nasu ba sai takalma. Saboda haka kicin ya zama namu mu biyu, kuma a duk gidan nan ne kaɗai ake jin ɗumi.

Ranar da na fara ganinta na ɗauka 'yar ƙasar Sin ce, saboda ƙananan idanunta da faɗin kumatunta. Sai na ji ta yi bisimilla kafin ta kunna murhu. Na tambayi mai kantin kan kwana, wani ɗan Pakistan da ya san kowa, ya taɓe baki ya ce, “Hazara ce. 'Yan Afganistan. Shi'a.” Ya faɗi ta ƙarshen kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. Ni ma a gidan da na tashi, in aka ambaci Shi'a tsuke fuska ake yi, don haka ban nemi ƙarin bayani ba.

Faɗanmu na farko a kan daddawa ne. Na ɗora miyar kuka, tsohuwa ta shigo, ta toshe hanci da mayafi, ta wangale taga a tsakiyar hunturu. Na rufe, ta buɗe. Na sake rufewa, ta tsaya a jikin tagar ta harɗe hannu. Ita kuwa wata miya take yi ta busasshen nono, mai tsamin da ke bin mutum har cikin kayan sawarsa, amma a ganinta wannan turare ne. Da muna jin harshen juna da mun zazzagi juna mun huta. To babu. An ce da tana zuwa ajin koyon Turanci a wani zaure na unguwa, aka rufe ajin tare da sauran abubuwa, ta tsaya a inda aka bar ta, tana iya godiya, tana iya cewa a'a. Ni ban taɓa samun godiyar ba.

Ɗakinta sanyi ne da shi da danshi, don haka a kicin take salla, tsakanin firiji da ƙofar baya. Tana sakin hannu kamar yadda kakata take yi, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan dunƙulen yumɓu da take ajiyewa a gabanta, ta ɗora goshi a kai in ta yi sujada. Girmansa bai fi ƙaramar waina ba, launinsa tsakanin fari da toka, tsakiyarsa ta yi sumul ta yi duhu saboda goshi. In ta idar sai ta naɗe shi a wani ƙyalle mai ado da zare kala-kala, ta ajiye a kan dakalin taga, bayan gwangwanin shayi. Wata rana ina goge wurin na ɗaga ƙyallen, sai ji na yi an kai wa hannuna duka. Ni da girmana, da digirina biyu, aka buge mini hannu kamar yarinyar da ta zura yatsa a tukunyar nama. Tun ranar ko gefen tagar ban ƙara kallo ba, kuma na ƙudurta a raina duk abin da ya sami wannan dutse nata ba ruwana.

Ina da ƙawa a Manchester, a Moss Side, Bahaushiyar Gana, haihuwar zangon Kumasi. Gidansu na fara sauka da na zo ƙasar, ita ta saya mini rigar sanyi ta farko, ita ta koya mini hawa bas. Na girme ta kaɗan, don haka yaya take ce mini. Hausarta irin tasu ce, mace da namiji duk “ya zo” ne, ni kuma ba na gajiya da tsokanarta. Mijinta direban bas ne, mutum mai addini da saurin fushi. Sun daɗe suna neman haihuwa, ciki yana shiga yana zubewa, sai a wannan shekarar Allah ya sa wani ya zauna. Gaba ɗaya gidan a kan ƙaya suke.

Cikin ya zo mata da kwaɗayin farar ƙasa. Duk macen da ta tashi a wajenmu ta san wannan jaraba, ta san mace mai ciki za ta iya bar maka kaza ta bi ƙamshin jiƙaƙƙen bango. A Gana a kasuwa ake sayar da ita a gashe, dunƙule-dunƙule. A Ingila kuwa ungozoma ta ce kul, shagunan 'yan Afirka suka daina fito da ita, mijin kuma ya koma binciken jakarta kamar ɗan kwastan. Sai ta ce masa za ta zo wurina sayen leshin suna.

Leshi ko ɗaya ba mu taya ba. Mun bi Stratford Road shago-shago, tana raɗa wa masu kanti tambayarta suna girgiza kai. Aka yi yayyafi, na juya na gan ta ta kafa hanci a jikin jan bulon wani gini tana shaƙa.

“Ke, mutane na kallonki,” na ce.

“Yaya, bar ni. In ban samu farin ƙasa ba yau, wallahi I'm going to lose my mind. Bakina ruwa kawai yake kawowa.”

Ta kwana a wurina. Da safe ina da ganawa da malamina a jami'a, na bar mata mabuɗi na ce ta karya kumallo ta jefa shi ta ramin wasiƙa in za ta tafi tasha.

Da na dawo bayan azahar, tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar tukwane. Kicin ya zama kamar an yi sata. An zazzage kwandon shara a ƙasa, an jawo firiji, buhun semona a kife. Tsohuwa tana durƙushe tana laluben ƙarƙashin murhu da hannu, kanta babu mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Tana ganina ta miƙe ta ɗauko ƙyallen nan, babu komai a ciki, ta kaɗa mini shi a fuska. Ta yi ta magana, muryarta na hawa, yawu na fita. Ban ji kalma ɗaya ba amma na san ɓarauniya take ce mini. Ni ma na buɗe nawa bakin da Hausa, na faɗa mata abin da ya daɗe yana cina. Muka yi ta yi har ɗaya daga cikin masu aikin siton ya leƙo ya koma.

Sai da na hau sama na zauna, zuciyata na tafasa, sannan wani tunani ya faɗo mini. Na kira Manchester.

“Kin taɓa wani abu a tagar kicin?”

Ta yi dariya. “Yaya, ashe kina da shi kika ɓoye mini! Muna ta yawo jiya kamar mahaukata. Na gan shi a bayan tea, an naɗe shi fine fine.”

“Kin ci?”

“Na ɗan taɓa. Kai, wannan original ne.”

Na gaya mata abin da ta ci. Can ta ce da ƙaramar murya akwai saura a jakarta, kusan rabi, in ban gaya wa mijinta ba za ta ajiye mini.

Ƙarshen mako ɗan tsohuwar ya zo. Na san tana da ɗa, ina jin muryarsa wani lokaci, amma ba mu taɓa haɗa ido ba. A Manchester yake aiki, wurin wankin mota, ita kuwa takardun zamanta a ƙasar a Birmingham aka ɗaure su, shi ya sa suke rabe. Saurayi ne siriri, hannuwansa duk sun tsattsage saboda ruwan sanyi da sabulu, Turancinsa irin na yaran Manchester. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in sauko. Uwar tana zaune a kujerar kicin, ta rame cikin 'yan kwanakin nan, ya ce ko shayi ba ta sha sai ya matsa.

Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa gaskiya. Baƙuwata ce, ciki gare ta, a wajenmu mata masu ciki suna cin irin wannan, ta ɗauka nawa ne.

Ya dube ni kamar na ce masa muna cin mutane. “Ci? Ta sa a baki ta tauna?”

“Ta tauna. Amma akwai saura.”

Bai fassara wa uwar nan take ba. Ya jingina da bango ya ce, “Kin san mene ne shi kuwa? Na san abin da kuke faɗa, cewa dutse muke bauta wa. Ba ma bauta wa komai sai Allah. A kan ƙasa ake sujada, ba a kan kafet ba, shi ke nan. Irin wannan ana sayar da shi a kanti, zan iya sayo mata guda goma gobe. Nata ba na kanti ba ne.”

Ya ba ni labarin a tsaye, yana jefo mini shi kamar duwatsu. Mutanensu a tsaunukan tsakiyar Afganistan suke, manoma da makiyaya. A zamanin kakar uwarsa wani sarki na Kabul ya aiko musu da runduna, aka ce su ba Musulmi ba ne, jininsu da dukiyarsu halal. Aka karkashe maza, aka sayar da mata da yara a kasuwa, aka raba gonakinsu ga wasu. Kakar tana sabuwar amarya lokacin. Da za su gudu ta tsuguna a bakin magudanar ruwan gonarsu ta damƙi yumɓu cike da hannu ta ƙulle a gefen zane. Da shi ta taka har Kwetta, cikin Pakistan ta yau. A kansa ta yi salla har ta mutu, ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa wannan da ke zaune. In ya tsage a jiƙa a sake mulmulawa, kullum yana ƙara ƙanƙancewa. Tsohuwar ba ta taɓa ganin gonar da idonta ba. A Kwetta ma ba a bar su ba, 'yan bindiga kan tare bas su duba fuskoki su sauke masu irin idanunsu. Haka aka sauke ubansa a hanyar kasuwar kayan miya, aka harbe shi. Shi kuma ya fito yana yaro, bayan manyan motoci da jiragen ruwan roba, har ya iso nan.

“Ba ta da 'ya mace,” ya ce. “Ni za ta ba wa ranar da na yi aure. Shi kaɗai ne abin da zan gada a duniya. An ƙwace gonar da bindiga, mun san wannan. Ba mu taɓa zaton za a biyo ragowarta da haƙori ba.”

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma yadda yake cewa “ku” yana haɗa ni da masu tare bas, shi ya tayar mini da hankali. Na ce masa ni ban taɓa ganin Kabul ba ko a mafarki, kuma wanda ke da gadon kakanni ba ya ajiye shi a taga kusa da gwangwanin shayi.

“Ɗakinta ruwa yake tsattsafowa ta bango,” ya ce. “Zai narke. Mun kai ƙara har mun gaji, babu wanda ya zo. Ki ba ni adireshin matar.”

Na hana. Na ga idanunsa, kuma na san mijin ƙawata. Na ce ni zan je in karɓo.

Na shiga motar Manchester ina zagin kowa a zuciyata, da tsohuwar, da ɗanta, da mai gidan haya, da ƙawata da bakinta da ba ya zama wuri ɗaya. Ina isa Moss Side na tarar asiri ya riga ya tonu. Kuka ya ci ta har mijin ya tsare ta ta faɗa. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba.

“Malama, a gidanki aka ba matata dutsen 'yan Shi'a ta ci?”

“Malam, ba wanda ya ba ta. Ita ta ɗauka.”

“Kin san abin da suke tofawa a ciki? Kin san shekara nawa muna jiran wannan ciki? Na kai ta wurin GP, likitanmu, an ce a jira appointment. Na sa an yi mata rubutu. Wallahi in wani abu ya sami yaron nan, I will hold you responsible, ke da su.”

Na ce masa yumɓun gona ne, na mutanen da aka kora daga gidajensu, ragowar kawai na zo karɓa. Ya ce duk abin da ya kori mutum daga gidansa shi ya sani, shi dai kada a ƙara ambaton wannan ƙazanta a gabansa. Ya ɗauki jakar aikinsa ya fita ya buga ƙofa.

Na ja ƙawata kicin na miƙa hannu. “Kawo.”

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

“Kawo mana, in kama mota.”

“Yaya, babu.”

“Mijinki ya ƙwace?”

“Tun a coach, cikin motar dawowa, na cinye shi. Kafin mu kai rabin hanya. Da kika kira tsoro ne ya sa na ce akwai saura.” Ta share hawaye, sannan ta ƙara da abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. “Wallahi ban taɓa cin mai daɗinsa ba.”

Ba don cikin da ke gabanta ba da na kwaɗa mata mari. Na zazzage jakarta a kan tebur, na juya aljihunta, ko ɓurɓushi babu. Har takardar da ta naɗe shi ta lashe.

Na dawo Birmingham hannu rabbana. Ɗan yana nan yana jira. Na faɗa a taƙaice ina tsaye a bakin ƙofa, don in abu ya ɓaci in sami hanyar hawa sama. Ya rufe fuska da hannu, sannan ya durƙusa gaban uwar ya fassara. Na shirya wa ihu, na shirya wa a jefe ni da kofi. Amma tsohuwar tambaya guda kawai ta yi.

“Tana tambaya yaushe matar za ta haihu,” in ji shi.

Na ce da bazara. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta shige ɗakinta.

Watannin da suka biyo baya sun fi na faɗan wuya. Ta daina buɗe taga in na ɗora daddawa. Ta daina harara. Ɗan ya sayo mata wani yumɓun na kanti, mai zane a jiki, tana salla a kansa tana ajiye shi ko'ina kamar cokalin aro. Abu ɗaya take yi. Duk lokacin da muka haɗu a kicin sai ta zagaya hannu a gaban cikinta, ta ɗaga mini gira. In girgiza kai, ta juya. Kullum haka. Na fara kulle ɗakina ko banɗaki zan shiga. Na tuna maganar mijin ƙawata, na ce ko dai mutumin yana da gaskiya, wannan mata jiran me take yi da cikin da ba nata ba.

Aka haifi mace, lafiyayya, da gashi cike da kai. Ƙawata ta kira ni tana roƙo in zo suna, ta ce mijin ya sauko tunda an sauka lafiya. Ban gaya wa tsohuwar ba. Amma ana gobe suna na tsaya a kicin ina suyar dubulan da cincin cike da roba, ta shigo ta dubi robar, ta dube ni. Ba ta zagaya hannu ba ranar.

Da safe na sauko da kayana na tarar da ita a bakin ƙofa, ta sa rigar sanyi, ta yafa farin mayafi, jakarta a hannu. Na nuna mata ɗakinta. Na yi mata da Turanci, na yi da Hausa, na yi da hannu. Na fita ta biyo ni. Na hau bas ta hau. A tasha ta miƙa wa mai tikiti wayarta, ɗan ya yi magana da shi. Ta zauna a kujerar bayana, ina jin numfashinta a wuyana har Manchester.

Ɗan yana jiranmu a tasha da kayan aikinsa a jiki. Na ce masa, “Ka mayar da uwarka. Korar ku za a yi.”

“Na gaya mata. Ta ce an saba.”

“Me take so da jaririyar?”

“Ba ta faɗa mini ba.”

Da a zauren unguwa ake irin wannan taro, amma shi ma an rufe, don haka a gida aka yi. Gidan ƙarami ne, irin jerin gidajen nan masu haɗe da juna. Maza sun cika ɗakin gaba har waje, mata sun cushe a ɗakin baya da kicin da matakala, takalma sun yi tsibi a ƙofa. Ƙamshin shinkafa da wake irin na Gana da soyayyen naman rago ya cika ko'ina, yara na ratsa ƙafafun mutane suna ihu da Turanci. Maza suka tare ɗan a waje, suna tambayarsa wa ya gayyace shi. Tsohuwar kuwa ba wanda ya tare ta, don babu mai tare tsohuwa a gidan suna. Ta cire takalmi ta bi bayana.

Mai jego tana zaune a kan katifa ta sha ado, jaririya a cinyarta. Tana ganin wadda ke bayana fuskarta ta canza, ta gane. Tsohuwar ba ta gaishe da kowa ba. Ta tsaya a gabanta ta miƙa hannu biyu. Na ga ƙawata ta dubi surukarta, ta dube ni, sannan ta miƙa 'yar.

Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa. Ta janye hular jaririyar, ta kai bakinta daidai kunnenta, ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ba addu'a ba ce, don babu Larabci a ciki. Magana ce mai tsawo, a jere, kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. Tana yi tana nuna gabas da yatsa, ta nuna yamma, ta zana wani abu a iska mai lanƙwasa. Hira ta mutu a ɗakin, har cokula suka daina ƙara. Da ta gama sai ta sunkuya ta ɗora goshinta a kan goshin jaririyar, ta tsaya a haka.

“Innalillahi! Sujada take yi mata!” wata ta ce.

“Asiri ne! Ku karɓe yarinyar!”

Surukar ta yi tsalle ta fizge jikarta, jaririya ta tsanyare da kuka. Mijin ya kutso cikin mata, abin da bai taɓa yi ba, idanunsa jawur. Bai taɓa tsohuwar ba, amma ya nuna mata ƙofa yana ihu har muryarsa ta dishe. Wata ta kawo ruwa a wanke kan yarinyar, wata tana karanta Falaƙi da Nasi da ƙarfi. Sannan ya juyo kaina.

“Ke kuma, Malama, kada ƙafarki ta sake taka gidan nan.”

Ƙawata ba ta ɗago kai ba. Aka watso mana takalmanmu waje, nawa ɗaya ya faɗa cikin kwata. Robar dubulan ɗina kuwa ba wanda ya watso ta.

Muka tsaya mu uku a wurin jiran bas, ana yayyafi. Ina cike da fushi. Gida ɗaya ne a duk Ingila da nake shiga in cire mayafi in miƙe ƙafa a zuba mini tuwo, tsohuwar nan ta rufe mini shi cikin ɗan lokaci, kuma tana tsaye tana gyara mayafinta kamar wadda ta fito daga asibiti an ce ta warke. Na juya kan ɗan.

“Tambaye ta. Me ta faɗa wa yarinyar mutane? In baki ta yi mata, in sani.”

Bai ga abin da ya faru a ciki ba, sai da na kwatanta masa, da nunin yatsan da komai. Tun kafin in gama na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ta da harshensu, ta amsa a gajarce. Ya sake tambaya, muryarsa ta tashi. Ta sake amsawa, ba ta ko dube shi ba.

“Iyakar gonar ta karanta mata,” ya ce da ni. “Sunan ƙauyen, da inda gonar ta fara, da inda ta tsaya, da magudanar ruwan, da wurin kaburburanmu. A gidanmu ranar da aka miƙa maka yumɓun ake faɗa maka, a kunne, sau ɗaya. Kakarta ta faɗa wa uwarta, uwarta ta faɗa mata. Ta ce yumɓun yana jikin yarinyar, da shi aka gina ƙashinta, don haka ita ce mai gonar.”

Can na ce, “Ta yafe musu ke nan?”

Ya fassara. Tsohuwar ta dube ni ido cikin ido, ta yi magana a hankali don kada ya rage komai.

“Ta ce ba ta yafe ba, kuma ba za ta yafe ba, har ke. Ta ce ba don tana son yarinyar ta ba ta ba. Nata ne, shi ya sa.”

Daga nan ya manta da ni. Ya juya ya kama hannun uwarsa da hannuwan nan nasa masu tsaga, ya sunkuyo da kunnensa daidai bakinta. Ba sai an fassara mini ba. Shi bai taɓa jin sunan ƙauyen ba. Ya roƙe ta a tsaye, ya roƙe ta a durƙushe a kan jiƙaƙƙen siminti, mutanen da ke jiran bas suna kallon gefe. Yana kuka yana faɗin kalma ɗaya yana maimaitawa, na san uwa yake kira. Ta ɗora hannu a kansa ta shafa, amma ta damƙe bakinta.

Bas ta zo, muka shiga ni da ita, muka bar shi a durƙushe.